Karatun Jini a Zangon Ankara: Daga Lauje Zuwa Dabaibayi

Filinmu na tarihi a wannan mako ya sauka a Akara, babban birnin Ghana, wanda mutanen zango ke kira Ankara. Tarihin da muka ɗauko na wata 'yar takarda ce, wadda ake karɓowa daga ɗakin gwaji kafin ɗaurin aure, mai haruffa biyu a kanta: AA, ko AS, ko makamancinsu. Aure ya ɗauru saboda ita, wani kuma ya fasa. To, ta yaya likita ya koyi karanta jini har ya rubuta waɗannan haruffa? Kuma me ya sa wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi zai nemi aure a Nima ya kamata ya san harafi na uku, wanda ba a cika ambatonsa a gida ba?

Nima, mahaɗar jini

Shanu ne suka kafa Nima. Kamar yadda tarihin unguwar ya nuna, a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya samu fili daga gidan Odoi Kwao na mutanen Ga, inda ake tsayar da garke kafin a kai mahauta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wuri ya cika ya batse har ya haɗe da Mamobi: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Mosi, Dagwamba, Kotokoli, Wangarawa, Yarbawa. Hausa ta zama harshen kasuwa da masallaci, aka yi ta auratayya. Bazabarme ya auri 'yar Mosi, jikan fataken Gwanja ya auri 'yar Dagwamba. Ku riƙe wannan, don shi ne ya sa labarin gwajin jini a zango ya sha bamban da na Katsina.

Ciwon da ya riga likita samun suna

Tun kafin Bature ya zo mutane sun san wani ciwo mai cin ƙashi da gaɓoɓi, wanda kan tashi lokacin sanyi da damina, yana bin gida ɗaya kaka da jika. Mutanen Ga suna ce masa chwechweechwe, Tonawa, wato Asante, suna cewa ahotutuo, mu kuma amosanin jini. A gidan da yara ke mutuwa bi da bi akan ce wabi ne, wani lokaci a zargi kishiya, galibi kuma a ɗora wa uwa.

A 1910 wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, ya buga labarin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Girenada wanda aka duba jininsa a madubin likita. Maimakon jajayen ƙwayoyin jinin su zama zagaye kamar faifai, sai aka ga wasu sun tanƙware kamar lauje. Daga kalmar Turanci ta lauje aka samo sunan da muke faɗa yau, sikila.

Gwajin farko da ya bazu a asibitoci daga nan ya fito. A ɗiga jini a kan gilashi, a hana shi iska, a jira a ga ko ƙwayoyin za su tanƙware. A 1948 aka samo wani sinadari mai saurin zuƙe iskar, aikin ya koma na ɗan lokaci kaɗan. Har gobe ana yin sa, don ba shi da tsada. Shi ne wanda ake ce maka “fozitif” ko “negetif”. Amma yana da makanta biyu. Ba ya rarrabe mai ɗauke da gadon cutar, wanda lafiyarsa ƙalau, da mai cutar kanta. Makanta ta biyu kuwa ita ce ta fi shafar zango, ga ta nan tafe.

Tseren lantarki da harafin C

Abin da ke ba jini launin ja, yake kuma ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki, sunansa himogulobin. A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu a Kalifoniya suka sa himogulobin na mai lafiya da na mai sikila a cikin ruwan gwaji, suka saki lantarki. Sai kowanne ya kama tafiya, amma gudunsu ba ɗaya ba. Wannan ne karo na farko da aka nuna cewa cuta tana iya fitowa daga canjin sinadari guda a jiki. Na mai lafiya aka kira shi A, na sikila S.

Shekara guda bayan haka, a 1950, Itano da James Neel suka ga wani nau'i na uku a jinin wasu iyalai a Amurka, mai nawar tafiya fiye da S. Aka sa masa C. Ba a daɗe ba aka gano yadda za a yi wannan tsere a kan takarda, na'urar ta ƙanƙance, ta iso Afirka ta Yamma. A shekarun 1950 George Edington, likitan gwaje-gwaje a Ankara, da Hermann Lehmann suka auna jinin jama'ar ƙasar, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas. Binciken wancan zamani ya nuna cewa cibiyar C a duk duniya ita ce arewacin Ghana da ƙasar Mosi, Burkina Faso ta yau. Can ana samun wuraren da mutum ɗaya cikin biyar ke ɗauke da shi. Idan ka nufi gabas zuwa ƙasar Hausa sai ya yi ta raguwa, S ya fi yawa.

Ga inda gizo ke saƙa. C ba ya mai da ƙwayar jini lauje a gilashi. Mai AC idan aka yi masa tsohon gwajin nan, “negetif” zai fito, ya tafi gida da murna. In ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SC. SC kuwa sikila ce. Takan fi SS sauƙi a yarinta, amma tana kawo ciwon ƙashi, tana cin ƙugu, tana lalata ido, ga hatsari ga mace mai ciki. A Ghana kusan jarirai 2 cikin 100 ake haifa da cutar, kuma kaso mai yawa daga cikinsu SC ne. A wuri irin Nima, inda jinin Mosi da na Hausa suka daɗe da cakuɗuwa, ba maganar nesa ba ce.

Me ya sa waɗannan haruffa suka yi yawa a ƙasashenmu? Sauro ne. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa yaro mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 2001 kuma David Modiano da abokan aikinsa suka auna Mosi fiye da 4,000 a Burkina Faso, suka ga mai AC hatsarin zazzaɓinsa ya ragu da kashi 29 cikin 100, mai CC da kashi 93. Wato garkuwa ce kakanni suka bar mana. Sai S ya zo daga uwa, S ko C ya zo daga uba, sannan garkuwar ke zama ciwo.

Korle Bu da Kumasi

Ghana ba ta tsaya a matsayin wurin ɗibar jini kawai ba. Dokta Felix Konotey-Ahulu, haifaffen Odumase-Krobo a 1930, ya jagoranci asibitin masu sikila na Korle Bu, wanda ya fara aiki a tsakiyar shekarun 1960 ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya. Ya bi diddigin ciwon a gidansu, kaka da kakanni, har zuwa 1670, ta hanyar tarihin baka, irin yadda Bafulatani ke lissafa asalin saniyarsa uwa bayan uwa. A 1968 shi da Lehmann da wasu suka bayyana wani nau'in himogulobin da aka sa wa suna Korle-Bu. A tseren lantarki yakan tsaya kusa da inda S ke tsayawa, alhali ba ya tanƙware jini. Shi ya sa ɗakin gwaji na ƙwarai yakan tabbatar da sakamako ta hanya biyu.

A 1995 Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda ɗansa na fari ma da cutar aka haife shi, ya fara gwajin jarirai a Kumasi. A huda dunduniyar jariri, a ɗiga jini a wata takarda ta musamman, ta bushe, a aika cibiyar bincike ta Noguchi da ke Legon, wadda Jafan ta gina aka buɗe a 1979. Amfanin sanin da wuri a bayyane yake: wani babban gwaji a Amurka a 1986 ya nuna cewa ba yaro mai sikila fenisilin kullum yana rage muguwar cutar da ke shiga jini da kashi 84 cikin 100. Yaron da a da za a ce wabi ne, yanzu ana iya riƙe shi ya girma.

Karanta baƙaƙen gado

Duk wannan awon himogulobin ne. Asalin umarnin kuwa a rubuce yake cikin wani dogon zare da ke cikin ƙwayoyin jiki, wanda ake kira DNA. Mu ce masa zaren gado. Haruffa huɗu ne kacal ake jerawa, A da C da G da T, amma jerin ya kai biliyan 3, kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kada a rikita su da A da C na takardar aure. Waɗancan sunayen himogulobin ne.

A 1956 da 1957 Vernon Ingram a Kambrij ta Ingila ya yayyanka himogulobin ya gano cewa bambancin A da S a gurbi ɗaya ne tak, gurbi na shida. Daga baya aka ga a zaren gado harafi guda ne ya sauya: inda ya kamata a rubuta GAG, an rubuta GTG. C ma a wannan gurbin yake, AAG. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ɗigo ɗaya kan mai da harafi wani harafin.

Yaya ake ganin harafi guda cikin biliyan 3? Dabara ta farko almakashi ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya suna da sinadarai masu yanka zaren gado, kowanne sai inda ya ga wani jerin haruffa na musamman. A 1978 Yuet Wai Kan da Andrée Dozy a San Faransisko suka lura cewa idan aka yanka zaren masu S, galibi gutsuren kan fito da tsawo fiye da na masu A. Sai a yi wa gutsattsarin tseren lantarki a ga tsawonsu. Zuwa 1982 aka samo almakashin da ke yanka daidai gurbin na shida in A ne, ya ƙi yankawa in S ne. Da irin wannan almakashi aka gano cewa S yana tafe da tambari daban-daban a zaren da ke kewaye da shi, kamar yadda ake gane garke da tsagar kunne. Aka sa musu sunayen wurare: Senegal, Benin, Kamaru, Bantu, da na Larabawa da Indiya. Na Benin shi ya fi yawa daga Ghana zuwa Najeriya.

Dabara ta biyu kwafi ce. A 1983 Kary Mullis ya ƙirƙiro hanyar ɗaukar ɗan guntun zare a ninka shi, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har miliyoyi cikin 'yan sa'o'i. Ita ce PCR da kuka yi ta ji lokacin korona a bakin iyaka. Aikin gano cuta na farko da aka buga da ita, a 1985, na sikila ne. Yau a Jami'ar Ghana da ke Legon ana karanta zaren gado a gida, kuma shirin SickleGenAfrica ya haɗa asibitocin Ghana da Najeriya da Tanzaniya, har da Kano, don gano abin da ya sa wani mai SS ke shan wuya fiye da wani.

Dabaibayin da ke kan zare

Wata tambaya ta daɗe tana damun likitoci. Jariri mai SS ba ya nuna ciwo sai ya kai wajen wata shida. Dalili, a cikin ciki wani himogulobin yake amfani da shi, mai suna F, wanda ba ya tanƙwarewa. Bayan haihuwa jiki yakan kashe F ya kunna na manya. Umarnin yin F yana nan a zaren har tsufa, ba a goge ko harafi ɗaya ba. To me ya rufe masa baki?

Ɗaya daga cikin amsoshin wani ɗan ƙaramin sinadari ne, metil, wanda jiki ke manna wa harafin C na zare. Makiyayi zai fi kowa ganewa: dabaibayi ne. Saniyar ita ce dai, ƙafafunta huɗu cif, amma ba ta zuwa ko'ina. Kuma a jikin ɗan maraƙi aka fara ganinsa. A 1948 Rollin Hotchkiss ya tace zaren gado daga wani nama da ke ƙirjin maraƙi, ya ga wani C da ya ɗan bambanta da sauran. Sai a 1975 masana suka kawo shawarar cewa da shi jiki ke kashe wasu umarni.

Hanyar farko ta ganinsa ita ma almakashi ce, guda biyu masu yanka wuri ɗaya. Ɗaya yana yankawa ko da dabaibayi ko babu, ɗayan kuwa in ya tarar da dabaibayi sai ya ƙi. A raba zaren biyu, a ba kowanne nasa, a gwada tsawon gutsattsarin. Da haka a wajen 1980 aka ga umarnin F a kwance yake a jinin ɗan tayi, a ɗaure a na babba. A 1982 Joseph DeSimone a Shikago ya ba birai irin bika wani magani mai hana ɗaurin, azasitidin, sai F ya tashi sosai. Aka gwada a kan mutane, ya tashi. Maganin yana da guba, masana kuma suka yi ta gardama kan ainihin yadda ya yi aikin. Gardamar ce ta kai su ga gwada wani magani, hydroxyurea, wanda ke tada F ta wata hanyar. A 1995 aka tabbatar yana rage tashin ciwo da kusan rabi. Shi ne yau ake bayarwa a asibitocin sikila na Ghana da Najeriya.

A 1992 Marianne Frommer da abokan aikinta a Ostireliya suka kawo hanyar da aka fi bi yanzu. A jiƙa zaren a wani ruwan sinadari mai suna baisalfait. Duk C da ba shi da dabaibayi sai ya rikiɗe, na'ura ta karanta shi T. Mai dabaibayi ya zauna C. A kwatanta da asalin rubutun, a san inda aka ɗaure. Zuwa 2011 an yi ɗan faranti mai duba gurbi fiye da 450,000 a lokaci guda.

Nono, damina da ci-rani

Ga misalin da ya haɗa harafi da dabaibayi, kuma na ruga ne. Kusan kowane jariri yana narkar da zaƙin madara. Yawancin mutanen duniya in sun girma sai hanji ya rage yin sinadarin narkarwar, shi ya sa wani in ya sha ɗanyar madara cikinsa ya yi ta ƙugi, alhali kindirmo ba ya damunsa sosai. A 2002 masana a Finlan suka gano harafi guda da ke sa mutum ya ci gaba da narkarwa har tsufa, aka kuma same shi a Fulani da yawa. A 2016 masu bincike a Toronto suka duba naman hanji da aka cire wajen tiyata, suka ga waɗanda ba su da harafin, dabaibayi na ƙaruwa a wurin yayin da shekaru ke tafiya. Masu shi kuwa wurin a kwance yake.

Ku lura, naman hanji suka duba. Haruffan gado iri ɗaya ne a jini da yawu da tushen gashi, ko'ina ka ɗiba amsa ɗaya ce. Dabaibayi kuwa kowane nama da nasa: na hanta daban, na ɓargo daban. Jini ba ya ba da labarin hanji dalla-dalla.

Abin da uwa ta ci ma yana barin alama. A ƙauyukan Keneba na Gambiya, binciken da aka buga a 2010 da 2014 ya nuna yaran da aka yi cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aiki ya yi yawa, dabaibayinsu a wasu gurabe ya bambanta da na waɗanda aka yi cikinsu da rani. Daga 2012 kuma shirin RODAM ya auna 'yan Ghana na ƙauye da na birni da waɗanda suka tafi Amsterdam da Landan da Balin, ya ga alaƙa tsakanin dabaibayin jini da ƙiba da ciwon suga. Duk wannan bincike ne da ke kan hanya. Wanda ya ce ka kawo kuɗi ya karanta maka dabaibayin jininka ya faɗa maka ciwon da za ka yi, riƙe aljihunka.

Guzurin hanya

A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani, Casgevy, wanda ke gyara zaren ɓargon mai sikila ya sake kunna F. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Garke nawa ke nan? Tseren lantarkin da aka fara a 1949 kuwa kuɗinsa bai kai na ɗan akuya ba, kuma shi ne har yau ya fi amfanar mai neman aure. Jihar Kano ma a 2024 ta mai da gwaji kafin aure doka.

Saboda haka, in za a haɗa yara aure, ko a Nima ko a Mamobi ko a ruga, musamman auren zumunci inda jini ɗaya ke komawa gida, a je da wuri, tun kafin a kai goro zance ya yi nisa. A ce jinotayif ake so, wanda ke fito da haruffa biyu. Kada a tsaya a “negetif”, kada kuma a rikita shi da rukunin jini na A da B da O. A auna namiji, a auna mace. In S ya haɗu da S, ko S da C, a zauna da likita a ji bayani kafin a yanke shawara, a kuma san cewa ɗaya cikin huɗun nan kowane ciki da nasa. Haihuwar uku masu lafiya ba ta ce na huɗu ne zai kamu ba, haihuwar mai ciwo ɗaya ba ta kare na bayansa ba. In an riga an yi auren, a auna jariri tun yana goye. Sannan, don Allah, a daina cewa uwa ce ta kawo: yaro ba ya zama SS ko SC sai uba ya ba da nasa harafin, kamar yadda maraƙi ke ɗauko rabi wajen bijimi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuri'a, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.